Ciwon Sukari Ya Shigo Ƙauye: A Sa Maganinsa Cikin Lissafin Kaka

'Yan'uwa manoma na ƙasar Karaye da Rogo, kowane ɗan ƙungiya ya san yadda mu ke yi da taki. Ba mu jira sai dawa ta fara ja a gona kafin mu nemi kuɗinsa. Tun da kaka, sa'ad da rumbu ya ke cike, magatakarda ya kan buɗe littafi, kowa ya faɗi buhu nawa zai bukata, a tara kuɗi a sayo tare. A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan wani abu da ya kamata ya shiga littafin nan kusa da taki, wato maganin ciwon sukari.

Da can ana ce da shi ciwon masu kuɗi, na attajiran birnin Kano da manyan ma'aikatan gwamnati. Yanzu kuwa ya shigo ƙauyukanmu, daga Turawa da Yammedi har Zarewa da Fulatan. A shekara ta 2018 Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, shi da abokan aikinsa, suka haɗa binciken da aka yi a sassan Nijeriya, suka ga kusan mutum 6 cikin 100 suna da shi. A nan Arewa maso Yamma 3 ne cikin 100, mu ne mafi ƙaranci a ƙasar. Kada wannan ya sa mu saki jiki. Ƙauyen da ke da manya 300, ke nan za a sami wajen mutum 9 a cikinsa. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ce fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su ma san suna da shi ba.

Dalilin yaɗuwarsa ba a ɓoye ya ke ba. Iyayenmu sun tafi kasuwar Rogo da ƙafa ko a kan jaki, mu kuwa babur mu ke hawa. Iyayenmu mata sun yi surfe da daka da niƙa a dutse, yanzu sai a aiki yaro wurin inji. Maganin feshi ya rage noman hannu. Mai shayi ya kafa tebur a kowace mararraba, lemon kwalba kuma ya zama abin da a ke tarbar baƙo da shi a biki da suna da taron ekklesiya. Ba mu ce a koma dutsen niƙa ba, matanmu sun sha wahalarsa isasshe. Amma jikin da ya rage aiki ya ƙara zaƙi, dole ya nuna. Akwai kuma gado: wanda uwarsa ko ubansa ya yi ciwon, ya fi kusa da kamuwa. Kada kuma a ce sai mai ƙiba. Akwai ramammun manoma da yawa da ke ɗauke da shi.

Masu noman rani a bakin dam ɗin Challawa za su gane yadda ciwon ya ke cikin sauƙi. Inji ya kan zuba ruwa a babbar hanya, sa'an nan yaro ya bi da fartanya yana buɗe bakin kowane fangali ruwa ya shiga. Tuwon da muka ci ya kan narke ya zama sukari ya bi jini, kamar ruwan nan a babbar hanya. Mai buɗe bakin fangali kuwa wani sinadari ne da a ke kira insulin, wanda wata 'yar gaɓa a bayan tumbi ke yi. In insulin ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya cika jini yana cin gefen hanya, alhali gaɓoɓi suna bushewa da yunwa. Gefen hanyar da ya ke ci su ne ƙananan jijiyoyin ido, da ƙoda, da ƙafa, da zuciya. Shi ya sa mutum zai ci ya ƙoshi amma yana ramewa, yana kasala, yana shan ruwa kamar raƙumi, yana tashi fitsari sau huɗu sau biyar cikin dare.

Sauran alamu su ne gani dishi-dishi, maruru a kai a kai, miki da ya ƙi warkewa, ƙaiƙayin gaba ga mata, raguwar ƙarfi ga maza, da kiyashi da ke taruwa inda mutum ya yi fitsari. A ƙauye kowace alama tana da sunan da a ke laƙaba mata. Wannan a ce basir ne, wancan a ce sanyi, mai ramewa kuwa a ce jifa aka yi masa saboda rikicin gona. Haka mutum zai yi shekara biyu yana shan jiƙe-jiƙe, yana zargin ɗan'uwansa, alhali ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa ya faɗi gaskiya cikin minti ɗaya. In an auna da safe kafin a ci kome aka ga 126 ko fiye, ko kuwa aka ga 200 ko fiye a kowane lokaci ga mai alamun nan, to, a tafi asibiti a tabbatar. Wasu na'urori da wani ma'auni su ke ƙirga, a wurinsu 126 shi ne 7.0, 200 kuma 11.1.

Ramin damina

Ga inda mu ke so a tsaya a yi tunani. Ciwon sukari ba kamar zazzaɓin cizon sauro ba ne, da za a sha magani kwana uku a manta. Abokin zama ne. Gaskiya ne wasu masu ƙiba, in suka rage nauyi sosai tun ciwon yana sabo, sukarinsu ya kan sauka har likita ya dakatar da magani, amma ko su ba su daina awo. Yawancin mutane za su sha magani muddin rai.

Manomi kuwa ba ɗan albashi ba ne. Kuɗinsa sau ɗaya su ke zuwa a shekara, ko sau biyu in yana noman rani ko yana da rake. Daga Nuwamba zuwa Maris ya kan sayi maganinsa daidai. Da ruwa ya sauka, kuɗi su tafi ga iri da taki da 'yan ƙodago, sai ya fara shan ƙwaya ɗaya maimakon biyu. Cikin Agusta, hatsi ya ƙare a rumbu, sai ya daina gaba ɗaya, ya ce ai ba ya jin kome. Gaskiyarsa, ba zai ji kome ba. Gara ma ba a jin ƙararta sa'ad da ta ke cin azara, sai ranar da ɗaki ya rufta. Wata uku na damina ba magani, shekara bayan shekara, su ne ke kai mutum ga makanta da ciwon ƙoda da yanke ƙafa. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin magani ya haura, ramin nan ya ƙara zurfi.

Ƙwayar da a kan fara ba yawancin mutane ita ce metformin, wadda aka fara aiki da ita a Faransa a 1957. Ana shanta tare da abinci, gama ta kan ɗan ɓata ciki a makonnin farko. Wanda amai da gudawa mai tsanani suka kama, ya dakata da ita ya je asibiti a ranar. Mai shan ƙwaya biyu a yini yana bukatar 730 a shekara. Wannan lissafi ne da kowane magatakarda zai iya yi: a tambayi kuɗin 730, a mai da shi kwanon dawa ko na waken suya, a ware tun a masussuka kafin a taɓa sayar da kome. Ƙungiya ta riƙe hatsin a rumbunta, ta sayar sa'ad da farashi ya tashi, ta sayo magani na wata uku uku.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako ta ƙasar Mali, suka amince da tsarin asusun magani mai juyawa: a sa jari a sayo magani da yawa, a sayar da 'yar riba kaɗan, kuɗin su koma su sayo wani. Inda tsarin ya mutu, yawanci bashi ne ya kashe shi, da rashin rubutu. Saboda haka asusun magani ya zama da littafinsa dabam da na taki, da mutum biyu masu sa hannu, a kuma karanta lissafinsa a gaban taro. Gwauraye da tsofaffin da ba su da mai noma musu, a nan ne baikon ekklesiya da gonar ƙungiya za su shigo, kada a bar su su ci bashin da kowa ya san ba za su iya biya ba.

Ƙungiya ba asibiti ba ce. Likita ko malamin lafiya ne zai rubuta irin maganin da yawansa, ƙungiya ta taimaka da saye kawai, ta hannun ɗakin shan magani na ekklesiya ko kantin magani mai rajista. Ƙungiyar lafiya ta Kiristocin Nijeriya, CHAN, wadda aka kafa a 1973, tana da sashen da ke sayo magani domin asibitocin mishan, masu kula da ɗakunan shan maganinmu sun san hanyarta. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a kowane kwali. Maganin da a ke tallarsa a faranti cikin rana ran kasuwa, a bar wa mai shi abinsa.

Wasu za su kai ga allurar insulin. Mutane suna tsoronta, suna cewa wanda aka fara yi wa allura kwanansa ya ƙare. Ba haka ba ne. Tun da Frederick Banting da Charles Best suka samo ta a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, mutane ba iyaka sun tsufa a kanta. Damuwar ƙauye ita ce zafi da rashin firiji. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya sami lambar yabo ta duniya a 2000 saboda dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa. Shi domin tumatir da ganye ya yi ta, amma tana amfani ga insulin. A 2021 kuma likitocin MSF da Jami'ar Geneva suka nuna cewa kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, irin na wani sansanin 'yan gudun hijira a Kenya. Cikin bazara zafinmu ya kan wuce haka, don haka tukunyar ta zama dole. A sa kwalbar cikin gwangwani mai murfi kada ruwa ya taɓa ta.

Abin da za a ci

Kada kowa ya ruɗe mu cewa mai ciwon sukari sai ya sayi abincin kanti. A Kano an yayata cewa tuwon alkama shi ne abincin masu sukari, wasu kuma su ce acca. Dukansu hatsi ne, malmala uku ta alkama za ta ɗaga sukari kamar malmala uku ta masara. Mutum ya sayar da dawarsa ya sayo alkama da tsada, bai tsira da kome ba. Maganar tana ga yawa. Tuwo ya zama kamar dunƙulen hannun mai ci, miya ta fi tuwo yawa: kuka, kuɓewa, yakuwa, rama, zogale, alayyafo. Dawa da gero da ba a surfe su ƙwarai ba sun fi farar shinkafa da taliya da burodi. Wake kuwa babban aboki ne, ko alale, ko a dafa shi da ganye, haka awara da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da ƙwai da kifin dam. Kwaɗon zogale da rana ya fi gurasa. Rogo da dankali da doya a ci kaɗan, kada a haɗa su da tuwo a zama ɗaya.

Abin sha ya fi abin ci ɓarna, gama shi ke shiga jini da sauri. Koko da kunu da fura a sha ba sukari, ƙaramin kofi, tare da ƙosai ko nono. Shayi ba sukari, ba madarar gwangwani mai zaƙi. Zuma da mazarƙwaila da rake, ko da ya ke daga gonarmu su ke, sukari ne tsantsa. Mun san wannan magana tana da nauyi a ƙasar da rake ke biyan kuɗin makarantar yara, daga fadamun Rogo har Maƙarfi. A noma shi a sayar, amma mai ciwon ya bar sha.

Akwai masu cewa ɗaci ke kashe zaƙi, sai su dinga shan ruwan shuwaka da darbejiya da maɗaci. Shuwaka a miya ba laifi. Amma jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba yana iya taɓa ƙoda da hanta, ga shi ƙodar mai sukari da ma a wahale ta ke. A rage gishiri da dunƙule kuma, a koma ga daddawa, domin hawan jini da ciwon sukari tare su ke tafiya, su ne ke kawo shanyewar ɓarin jiki. Duk ranar awon sukari a auna jini.

Wannan sashe na Zumuntar Mata ne fiye da kowa, gama tukunya a hannunsu ta ke. Ba sai an ɗora wa Baba tukunya dabam ba, abincin da ya dace da shi ya dace da dukan gida. Su ma mata su kula da kansu. Wadda ta taɓa haifar jariri mai nauyin fiye da kilo 4, ko aka ce mata sukarinta ya hau lokacin ciki, ta riƙa awo kowace shekara. Da rani kuma, sa'ad da aikin gona ya tsaya, mai ciwon kada ya wuni a gindin bishiya. Tafiyar rabin awa da sauri kowace rana magani ce.

Sukari yana iya faɗuwa ƙasa kuma, wannan shi ke kisa nan take. Ya fi samun masu allurar insulin da masu shan ƙwaya irin su glibenclamide. Mutum ya sha magani da asuba, ya ɗauki garma ya tafi huɗa bai karya ba, yaron da zai kawo fura ya makara. Wajen hantsi sai rawar jiki, da gumi, da jiri, da faɗuwar gaba, wani ma ya fara sambatu kamar wanda ya sha burkutu. A nan sukari shi ne magani: ƙwaya huɗu, ko ƙaramin cokali uku a ruwa, ko rabin kwalbar lemo, sa'an nan ya ci abinci. Mai ciwon kada ya fita gona ba sukari a aljihu, abokan gayya kuma su san halinsa. In ya suma kada a ɗura masa kome a baki, a kwantar da shi a gefe, a nemi mota zuwa asibiti. Haka batun azumi, ko namu na ekklesiya ko na maƙwabtanmu Musulmi: a tambayi likita kafin a fara.

Ƙafar manomi

Ƙafa ita ce jarin manomi, ita ce kuma ciwon sukari ya fi kama mu da ita. Bayan shekaru jijiyoyin ƙafa su kan mutu. Da fari mutum ya ji zafi kamar barkono da dare, ko ya ji kamar yana taka auduga, daga baya ya daina jin kome. Sai ƙaya ta soke shi, ko kututturen kara bayan girbi, ko bakin fartanya, bai sani ba. Ya shiga ruwan fadama da mikin, ya kwana uku, ƙafa ta kumbura ta fara wari. A kira wanzami ya yi tsaga, a shafa toka ko baƙin mai, a ce daji ne, allura ba ta jituwa da shi. Kafin a kai shi Karaye ko Gwarzo, daga can a tura shi asibitin Murtala a Kano, yatsu sun yi baƙi. Kuɗin yanke ƙafa da jinyarta ya kan cinye shanun huɗa, wani lokaci har gona, mutumin kuma ba zai sake bin garma ba.

Rigakafin wannan ba ya cin kuɗi. Kowane dare a wanke ƙafa da ruwa mai ɗumi kaɗan, a fara gwada ruwan da gwiwar hannu. A share sosai har tsakanin yatsu. A duba tafin ƙafa da tocila, in ido bai gani ba jika ya duba. A shafa man kaɗanya a diddige saboda kaushi da faso, ban da tsakanin yatsu. Kada a yanke kaushi da reza. Kada a taka ƙasa ba takalmi, ko a tsakar gida. A gona a sa takalmi mai rufi da safa, a kakkaɓe shi kafin a sa. Da hunturu kada a miƙa ƙafa kusa da wuta, mutane da yawa sun ƙone ba su ji ba. Miki kome ƙanƙantarsa, in ya kwana biyu bai nuna alamar warkewa ba, ko ya yi ja, ko ya kumbura, a tafi asibiti ran nan, kada a jira ranar kasuwa.

Sai maganar da ta shafi dattawa da masu bishara. Muna jin labarin 'yan'uwa da suka je taron addu'a, aka ce musu sun warke, suka zubar da magani don nuna bangaskiya. Mun gaskata Allah yana warkarwa. Amma mu tuna da sarki Hezekiya: Allah ya ji addu'arsa ya ƙara masa shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗaura masa ɓaure a kan marurun. Ubangiji kansa, da ya tsarkake kutare, wurin firistoci ya aike su a duba su. Wanda ya gaskata ya warke, ya je a auna shi, likita ya dakatar da maganin da bakinsa. Fasto kada ya bar mutum ya tsaya ba da shaida a kan sukari sai ya ga takardar awo.

Kowace ƙungiya tana iya sayen na'urar awon sukari ɗaya da ta awon jini ɗaya, malamin lafiya ya koya wa mutum biyu, mace da namiji. Tsinken gwaji ne ke cin kuɗi, a tabbata ana samun irin na na'urar a Kano kafin a saya. Allurar huda yatsa kuwa kowa da tasa sabuwa, ko miji da mata, saboda ciwon hanta da sauran cututtukan jini. Ga yawancin masu shan magani, awon safe tsakanin 80 da 130 shi a ke nema. Abin da aka gani a jikin mutum kuma sirrinsa ne, ba labarin bakin rijiya ba. Maƙwabci Musulmi in ya zo awo, a auna shi.

Ido a duba shi sau ɗaya a shekara ko mutum yana gani garau, gama ɓarnar tana farawa a can ciki tun ba a sani ba. Asibitin Ido na ECWA a Kano, wanda mishan ta buɗe a 1943, iyayenmu sun san hanyarsa. In mutum biyar ko shida suka haɗu suka tafi rana ɗaya, da mai rakiya ɗaya wanda ya san gari, wahala da kuɗi za su ragu.

Ranar 14 ga Nuwamba ce ranar ciwon sukari ta duniya, ranar haihuwar Banting. A wurinmu ta faɗo daidai lokacin da a ke yankan dawa. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su sa taron awo a Asabar mafi kusa da ita, kowa daga shekara 40 zuwa sama ya zo da safe bai karya ba. Magatakarda ya zo da sabon littafi mai layi biyar: suna, awon sukari, awon jini, halin ƙafa, da kwano nawa aka ware domin maganin shekara.